Uwar Aji da Tabon Dutsen Guga

Akwai wata malamar firamare da ake yi wa laƙabi da Uwar Aji. Ta daɗe tana koyarwa, har ta kai ga koyar da 'ya'yan waɗanda ta koyar. In yaro ya faɗi ya fasa gwiwa, wurinta yake gudowa. In iyaye suka zo makaranta da faɗa, ita ake turawa ta tare su, domin bakinta zuma ne.

Mutuniyar kirki ce, wannan ba mai musu. Aibinta ɗaya ne: ba ta yarda akwai wanda zai koya mata wani abu game da yara ba.

Wata rana aka tura ta horo kan yadda ake kare yara daga cin zarafi. An tara su a babban ɗakin taro, malaman makaranta da ma'aikatan jinya da 'yan sanda da jami'an kula da yara. An jera kujeru a zagaye, wai don kowa ya ga fuskar kowa.

Mai jagorantar horon wata matashiyar jami'a ce, siririya mai gilashi. Duk abin da za ta faɗa sai ta fara da, "Ƙa'idar aikin ita ce." Kafin a fita shan shayi Uwar Aji ta raɗa mata suna 'Yar Ƙa'ida, sunan kuwa ya bi ta.

Jami'ar ta ce, "In kin ga alama a jikin yaro, ke ba mai bincike ba ce. Ki saurare shi. Kada ki sa masa magana a baki. Kada ki yi masa alkawarin rufe sirri. Babba a ciki, kada ki kira gidansu kafin a san wa yake tsoro. Ki kira mu, mu haɗa hannu."

Uwar Aji ta gyara zama, ta ce, "Yarinya, kina da 'ya'ya?"

"Tukuna dai, Mama."

"Na ga alama. A yi wa yaro abu, sannan a ɓoye wa mutanen gidansu? Ai mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo."

Ɗaki ya ɗauki dariya. 'Yar Ƙa'ida ta yi murmushi, ta ce, "Haka ne, Mama. Sai dai wani sa'in mai ɗakin ne ya huda rufin."

Da aka zo wasan kwaikwayo, aka nemi Uwar Aji ta fito a matsayin malamar da za ta tari uba ko uwa da suka zo a fusace, ta zaunar da su ba tare da ta faɗi abin da yaro ya ce ba. Ta ce, "Da furfurata zan yi wasan yara? Ku dai yi, ina kallo."

A ƙarshen taro kowa ya karɓi lambar kowa. Ita ba ta karɓi ta kowa ba. Wata nas da ke aiki a ƙaramin asibitin da ke bayan makarantarsu ce ta zare wayar daga hannunta, ta sa tata lambar da ta jami'ar, tana cewa, "Ajiye dai, Malama. Ba ta cin abinci."

To, a ajin Uwar Aji akwai wata yarinya da ta fi kowa ƙanƙanta, ana ce mata Auta. Mahaifiyarta ta rasu, mahaifinta yana aiki a nesa, don haka tana hannun gwaggonta. Gwaggon nan tela ce, kuma ita ke yi wa Uwar Aji ɗinki shekara da shekaru. Sun saba har sun zama ƙawaye. Mijinta direban babbar mota ne, mai ƙatuwar murya, wanda in ya yi tari a ƙofar gida yaran layi sukan watse.

Ranar da abin ya faru ana zafi sosai, amma Auta ta zo da rigar sanyi. Uwar Aji ta lura ba ta jingina da benci, tana zaune a miƙe kamar an kafa ta. Bayan an dawo daga hutun tara, wani yaro ya bangaje ta a bakin ƙofa. Ƙarar da ta saki ta fi ƙarfin bangazar.

Uwar Aji ta kama hannunta ta kai ta ofishin malamai, da yake ba kowa a ciki. Ta lallashe ta har ta cire rigar sanyin, ta ɗaga ta makarantar.

Tabon ƙuna ne a kafaɗa da gadon baya. Wani ya warke ya yi baƙi, wani ɗanye ne.

Zuciyar Uwar Aji ta tafasa. Ta ce, "Wa ya yi miki wannan?"

Auta ta sunkuyar da kai.

"Mijin gwaggonki ne, ko? Ai na sani. Wannan mutumin fuskarsa ma ba rahama."

Yarinya ba ta ce uffan ba. Uwar Aji ta ɗauki shirun nan a matsayin amsa. Ta zaro waya, ta juya wajen taga, ta kira ƙawarta.

"Ki bar abin da kike yi ki zo makaranta yanzu. Na ga abin da ke gadon bayan Auta."

Can ɓangaren ƙarar keken ɗinkin ta tsaya. Sannan aka ce, "Ga ni nan."

Uwar Aji ta juyo, ba ta ga Auta a kan kujera ba. Tana ƙarƙashin tebur, ta dunƙule, haƙoranta suna haɗuwa.

"Malama, wa kika kira?"

"Gwaggonki mana. Kwantar da hankalinki, yau za a yi ta ta ƙare."

"Ita ce."

"Ita ce me?"

"Ita ce take yi. Ta ce ranar da na nuna wa wani, a fuska za ta ɗora mini."

Jama'a, sai a lokacin Uwar Aji ta tuna da siffar tabon. Kowanne yana da tsini a sama, yana faɗi a ƙasa. Bakin dutsen guga ne. Ta dubi rigar da ke jikinta, wadda ta karɓo daga shagon gwaggon, an goge ta sumul, karin hannun ya tsaya cak.

Hedimasta ya tafi taro. Shagon ɗinkin ba shi da nisa. Kuma a idon kowa gwaggo ita ce mai riƙon yarinya. In ta zo ta ce a ba ta 'yarta, wa zai hana? In kuwa Auta ta kwana a gidan nan yau, Uwar Aji ta san inda dutsen zai sauka.

Ta laluba wayar har ta sami lambar jami'ar da Nas ta sa mata. Girman kai ya taso mata har maƙogwaro. Ta haɗiye shi, ta danna.

"'Yata, ni ce malamar nan mai surutu ta wurin horo. Na ba kura ajiyar nama."

Ta zayyana mata komai a gurguje. Ta yi zaton za ta ji "ai na faɗa miki." Jami'ar ba ta ce haka ba.

"Mama, abin da ya wuce ya wuce. Yarinyar tana ina?"

"Ga ta a gabana."

"Kada ki ƙara tambayarta komai. Yanzu zan kira Nas, ta fi ni kusa, za ta shigo ta ƙofar baya ta kai ta ɗakin jinyarku. Ni ina wancan gefen gari, hanya kuma ta cushe. Zan taho da 'yar sanda, domin mu ke da hurumin hana a tafi da ita. Kafin mu iso, ki zaunar da gwaggon."

"Da me zan zaunar da ita?"

"Da baki, Mama. Ranar horo ni kaina kin kusa zaunar da ni. Amma abu biyu: kada ki tuhume ta, kuma ko za ta yi me, kada ta ji cewa yarinyar ta yi magana."

Uwar Aji ta durƙusa a bakin tebur, gwiwoyinta suna ƙara. Ta ce, "Auta, na yi kuskure da na kira ta. Ba zan yi miki ƙarya ba, tana hanya. Amma na kira waɗansu mutane da aikinsu ke nan. Wata nas za ta zo, ki bi ta. Ni zan tsaya a nan."

Nas ta iso tana haki, takalminta duk ƙasa. Ba ta tsaya dogon bayani ba. Ta miƙa wa Auta hannu, ta jira har yarinyar ta kama da kanta, suka nufi ɗakin jinya da ke ƙarshen baranda. Uwar Aji ta ji an murza makulli.

Ko numfashi ba ta gama saukewa ba, sai ga gwaggo a ƙofar ofis. Tef ɗin awo yana rataye a wuyanta, zare ya manne mata a zane.

"Ina take?"

"Haba ƙawata, ko sallama? Shigo, shigo. Ina wuni? Ya aiki? Ya maigidan, ya dawo daga tafiya?"

"Lafiya. Ina Auta?"

"Ana duba ta, ba ta jin daɗi. Zauna ki sha ruwa, kin sha rana. Ya jikin tsohuwarku? Ƙafar ta saki?"

Uwar Aji ta yi ta jan gaisuwa kamar ana jan guga daga rijiya mai zurfi. Ta tambayi yaran shago ɗaya bayan ɗaya. Ta tambayi keken da ya lalace ko an gyara. Da gaisuwa ta ƙare, sai ta ɗaga hannu ta ce, "Af, tun da ga ki ga tef, duba mini hammatar nan. Ta matse ni."

Gwaggo ta dube ta, ta dubi ƙofa. Amma hannun tela ba ya ƙin awo. Ta tashi ta zagaya tef ɗin a damtsen Uwar Aji. Yatsunta suka taɓa fatarta. Uwar Aji ta ji tsigar jikinta ta tashi, amma ta ci gaba da murmushi.

Gwaggo ta ce a hankali, bakinta kusa da kunnenta, "Me ta ce miki?"

"Wa? Auta? Ai kin san ta, magana sai an ciro ta da ƙugiya."

"Yarinyar nan maƙaryaciya ce, ba ki san ta ba. Ga rawar kai. Ita ta je ta jingina da dutsen guga."

Ba wanda ya ambaci dutsen guga a ɗakin nan. Maganganu suka cika bakin Uwar Aji fal. Ta so ta ce, sau nawa mutum yake jingina da wuta? Ta so ta ce, marainiyar ɗan'uwanki, ke ko tsoron Allah? Shekara da shekaru ba ta taɓa barin magana ta kwana a cikinta ba. Ta cije leɓe har ta ji ɗanɗanon jini.

Ta ce, "Allah ya kyauta. To ya kika ga hammatar, a buɗe ta ko a bar ta?"

Gwaggo ta saki tef ɗin. "Kina raina mini hankali ne? Ke da bakinki kin sha faɗa a shagona cewa yaro sai da horo. Yau kuma kin zama ta 'yan boko? Ba ki san abin da nake sha da yarinyar nan ba. Ubanta ya jibge mini ita ya tafi."

"Na san riƙo da wuya."

"To ba ni ita, mu je gida mu kashe wutarmu."

Sai aka buga ƙararrawar tashi. Yara suka ɓarke daga azuzuwa da ihu. Uwar Aji ta leƙa ƙofar makaranta ta taga. Iyaye ne da masu babura, ba jami'a, ba 'yar sanda.

Gwaggo ta fice. Ta bi baranda tana tura ƙofar kowane aji, tana ƙwala kira.

"Auta! Fito in kin san abin da ya fi miki!"

Uwar Aji ta bi ta da sauri, ta sha gabanta, ta isa ƙofar ɗakin jinya ta juya mata baya ta tsaya. A bayanta ta ji mariƙin ƙofar yana motsi. Auta ce daga ciki take neman buɗewa, domin tsoro ya koya mata cewa in muryar nan ta kira, zuwa ake yi. Ta ji Nas tana rarrashinta ƙasa-ƙasa.

Gwaggo ta ce, "Matsa."

"Ba zan taɓa ki ba, ƙawata. Amma ba zan matsa ba."

"'Yarki ce?"

Uwar Aji ta ɗaga murya yadda za a ji a ciki. "Auta, koma ki zauna. Ina nan a bakin ƙofa."

Mariƙin ya daina motsi.

Iyaye suka fara taruwa a tsakar makaranta. Wani ya ce, "Malama, ki ba ta 'yarta mana, maganar gida ce." Wata ta ce, "Ikon Allah, yau Uwar Aji ce da rigima?"

Gwaggo ta matso har suna jin numfashin juna. Idanunta sun kaɗa. "Wato ta faɗa miki. Ta buɗe baki ta ce ni ce."

Nan ne wurin da harshe yake yanka wuya. Kalma ɗaya ta fito ba daidai ba, Auta ce za ta biya, ko yau ko wata rana.

Uwar Aji ta ce, "Idona ne ya gani. Ni na cire mata riga, ni na kira ki, ni na kira hukuma. In akwai wadda za ki riƙe a zuciya, ga ni."

"Hukuma?"

Gwaggo ta ɗaga hannu. Uwar Aji ta runtse ido, ba ta gusa ba.

Marin bai sauka ba. Wata murya ce ta ratso taron. "Sannunku, a ba mu hanya. Sannu, Gwaggo."

'Yar Ƙa'ida ce, gilashinta ya zame, gumi ya jiƙa mata wuya, ga alama a ƙafa ta ƙarasa. A bayanta wata 'yar sanda ce mai jiki, ta tsaya kawai ta harɗe hannu. Jami'ar ta rusuna ta gaida gwaggo kamar yadda ake gaida babba, ta nuna katin aikinta.

"Yarinya za ta je asibiti tukuna, likita ya duba ta. Ke kuma muna so mu ji ta bakinki, a zaune, ba a gaban jama'a ba. Yau dai ba za ta kwana a gidanki ba."

'Yar sandar ta juya ga taron. "Kowa ya kama hannun ɗansa ya yi gaba. Ba kallo ake ba."

Gwaggo ta dubi wannan, ta dubi waccan, ta ga ba kafa. Sai ta zube a kan dakalin baranda ta fashe da kuka, tana cewa yarinyar ta ƙona mata yadin mutane, aiki ya yi mata yawa, ba mai taya ta. Jami'ar ta saurare ta har ta gama. Amma ƙofar ɗakin jinya ba a buɗe ta ba sai da aka wuce da gwaggo ofis.

Da Auta ta fito, hannunta cikin na Nas, ta ɗaga kai ta dubi Uwar Aji. Uwar Aji ta nemi kujera ta zauna.

Daga nan kowa ya kama nasa aikin. Nas da likita suka yi magani, suka shaida abin da suka gani. Auta ta ba da labarinta sau ɗaya tak, ga jami'ar da aka horar don jin irin wannan, ba a yi ta yawo da ita ana tona mata ciwo ba. Aka nemo mahaifinta. Aka mayar da riƙonta hannun kakarta ta wajen uwa, bayan an je an ga gidan. Maganar gwaggo kuma ta tafi gaban alƙali.

A unguwa an yi ta magana. Wasu suka ce Uwar Aji ta tona asirin ƙawarta. Ta ji, ba ta tanka ba. Rigar nan kuwa ta ninke ta ta sa a ƙasan akwati, ba ta ƙara sa ta ba.

Da aka sake kiran horo, ita ta riga kowa zuwa. Da aka zo wasan kwaikwayo ta miƙe tun ba a kira ta ba. 'Yar Ƙa'ida ta ce, "Mama, da furfurarki?"

Ta ce, "Rufe mini baki, ki ba ni kujera."

Bayan Auta ta warke ta dawo makaranta, ba rigar sanyi. Ta jingina da benci kamar kowa. Wata rana da aka tashi, ta tsaya har aji ya watse, ta zo bakin tebur tana murza gefen rigarta.

"Malama, in na sake gaya miki wani abu, wa za ki kira?"

Uwar Aji ta ajiye alli. Ta jawo kujera ta zauna, har idonta ya zo daidai da na yarinyar.

"Zan fara jin wa kike tsoro. Sannan zan gaya miki wanda zan kira, tun kafin in taɓa waya."

Auta ta auna maganar. Can ta ce, "To. Ba komai yau. Tambaya kawai na yi."

Ta ɗauki jakarta, ta fita da gudu.

Darasi: Son yara da daɗewa a cikinsu ba su isa su kare yaro ba, sai an haɗa da sani da taimakon juna, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In ka ga alamar cutarwa a jikin yaro, ka saurare shi, kada ka sa masa magana a baki, kada ka yi gaggawar kiran gida kafin a san wa yake tsoro. Ka nemi waɗanda aka horar, kuma kada girman kai ya hana ka koyo ko daga na bayanka ne. Ku tura wa malamai da ma'aikatan jinya da iyayen da kuka sani, wataƙila akwai wata Auta a gabansu yau.